TUMBI BA SHI NE LAFIYA BA: HAƊARIN CIWON ZUCIYA GA MASU ƘANJAMAU DA MAƘWABTANSU A JOS

Duk wanda ya yi sammako ya ratsa Anguwan Rogo a cikin garin Jos lokacin hunturu, abin da zai fara gani shi ne teburan masu shayi cike da jama'a, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, gabansa kofi mai kaurin madara da sukari, ga burodi, ga soyayyen ƙwai. Daga nan wani zai hau Keke Napep ya wuni a zaune yana jigila a hanyar Bauchi, wani ya nufi Taminus ya zauna a rumfa sai Magariba. Kakannin mutanen nan da yawa haƙar kuza ce ta kawo su ƙasar Filato, aikin da mutum yakan wuni da diga da shebur yana zubar da gumi. Yau aikin ƙarfi ya ragu, amma maiƙo da zaƙi sun ƙaru a abinci.

A cikin masu shan shayin nan ba mamaki akwai mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma babu mai iya nuna shi da yatsa, domin ya yi ɓulɓul kamar kowa. A dā da rama ake gane mai cutar, har sunanta ma daga ƙanjamewa aka samo shi. To, yanzu magani ya kawar da ramar, sai dai likitoci suna gargaɗin cewa wani haɗari ya kunno kai, watau ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma bai bar maƙwabcin da ba shi da ƙwayar ba.

YADDA AKA ZO NAN

Cikin 1986 ne aka fara ba da rahoton cutar a Nijeriya. Cikin 2000 aka kafa shirin APIN tare da Jami'ar Harvard ta Amurka, kuma Jos tana cikin wuraren da ya fara aiki. Gwamnatin Tarayya ta soma raba magani mai rahusa cikin 2002, sa'an nan daga 2004 tallafin Amurka mai suna PEPFAR ya sa dubban mutane suka sami magani kyauta. Sashen da ke kula da masu cutar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar nan. Babban binciken da aka yi gida-gida cikin 2018 ya nuna akwai kimanin mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya.

Wanda ya fara shan magani yana ɗan shekara 30 cikin 2004, yanzu ya haura 50. Ya aurar da 'ya'ya, watakila ya ga jikoki. Ashe kuwa ya shiga shekarun da hawan jini da ciwon sukari suke fara ƙwanƙwasa ƙofa.

ALAMOMI BIYAR

Cikin 1988 wani likita Ba'amurke, Gerald Reaven, ya jawo hankalin masana cewa akwai waɗansu larurori da ba su cika zuwa ɗai-ɗai ba, sai dai su yi wa jiki taron dangi. Cikin 2009 manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya suka yi ittifaƙi a kan alamomi biyar, suka ce wanda ya haɗa uku daga ciki ya shiga sahun masu wannan larura.

Ta farko ita ce tumbi. Namijin da zagayen cikinsa ya kai santimita 94, watau inci 37 a awon tela, da macen da nata ya kai santimita 80, kimanin inci 31 da rabi, sun kai iyaka. Ta biyu awon jini da ya kai 130 bisa 85. Ta uku sukarin jini da ya kai 100 in an auna da safe kafin karin kumallo. Ta huɗu yawan maiƙo a cikin jini, daga 150 zuwa sama. Ta biyar ƙarancin wani irin kitse mai amfani wanda yake share hanyoyin jini, ƙasa da 40 ga maza, ƙasa da 50 ga mata.

Tushen abin shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanta da hanji. Shi yake sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sai sukari ya yi ta yawo a jini, jijiyoyi su yi tauri, hanyarsu ta ƙuntata. Wanda ya haɗa alamomin nan haɗarin ciwon zuciya gare shi ya ninka na sauran mutane sau biyu, na ciwon sukari kuwa kusan sau biyar. Abin tsoron kuma shi ne babu ɗaya daga cikinsu mai zafi, mutum yana ci yana sha yana kasuwarsa har ranar da zai yanke jiki ya faɗi.

MAI ƘWAYAR CUTA

Cikin 2018 masana a Jami'ar Edinburgh ta ƙasar Birtaniya suka tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka tarar mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba shi da ita haɗarin ciwon zuciya wajen sau biyu. Dalilan uku ne. Na ɗaya, ko da magani ya danne ƙwayar, garkuwar jiki takan zauna kullum cikin shirin yaƙi, wannan kuwa yana jawo kumburi a bangon jijiyoyin jini. Na biyu, ƙwayar da kanta tana rage kitse mai amfani, tana ƙara maiƙon jini. Na uku shi ne waɗansu daga cikin magungunan.

Tsofaffin masu karɓar magani a Jos ba za su manta da stavudine ba, wanda yakan tsotse kumatu da hannuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi tun 2009. Cikin 2019 ta zaɓi dolutegravir a matsayin maganin farko, kuma shi ne akasarin mutane suke sha yanzu a Nijeriya. Magani ne mai ƙarfi, mai sauƙin sha, amma gwaje-gwajen da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu da Yawunde ta Kamaru sun nuna yakan zo da ƙarin ƙiba, musamman ga mata. Wanda ya taɓa shan gorin rama ba ya ƙin ƙiba, yakan ɗauke ta shaidar samun sauƙi da kuma sutura daga bakin mutane. Nan ne gizo yake saƙar.

Amma fa kada wani ya ji haka ya ajiye maganinsa. An gwada wannan a wani babban bincike mai suna SMART, wanda ya haɗa mutum 5,472 a ƙasashe 33. An tsayar da shi cikin Janairun 2006 domin waɗanda ake sa su hutawa da magani sun fi mutuwa, kuma sun fi kamuwa da ciwon zuciya da hanta da ƙoda. Ƙwayar da aka saki ta fi kowane magani ɓarna.

Akwai kuma albishir. Cikin 2023 wani binciken mai suna REPRIEVE, na mutum 7,769 masu shekara 40 zuwa 75 a ƙasashe 12, ya nuna ƙwayar pitavastatin mai rage kitsen jini, guda ɗaya kullum, ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 35 cikin 100. Sai dai ba abin da za a saya a kemis ba ne da ka, domin waɗansu masu rage kitsen ba sa jituwa da waɗansu magungunan ƙanjamau. Likita ne zai zaɓa.

MAƘWABCI FA?

Mai karɓar magani yakan je asibiti duk wata uku ko shida, a ɗora shi a sikeli, sau da yawa a auna jininsa. Maƙwabcinsa mai taƙamar ƙoshin lafiya yana iya shekara goma bai ga likita ba, alhali kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna cikin 2018 cewa hawan jini yana da hannu a kimanin tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira.

Har ila yau akwai al'adar ɗaukar teɓa alamar arziki. Waɗansu mata har sukan sha ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda waɗansunsu suke ta da sukari da hawan jini.

ABIN YI

Jos ba ta da uzuri wajen abinci. Kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da karas da tumatir da alayyafo, ga acca, ga gwate wanda mutanen Filato suka gada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi, don haka daddawa ta fi. Ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. A rage sukarin shayi da lemon kwalba, mai shan taba ya daina. Duk wanda ya kai 40, da ƙwaya ko babu, ya auna jininsa da sukarinsa ko da sau ɗaya ne a shekara, ya kuma ari tef ɗin tela ya zagaya cikinsa daidai cibiya.

Hukuma ma tana da nata. Maganin ƙanjamau kyauta ne, amma na hawan jini da na sukari yawanci daga aljihu ake saye, talaka kuwa yakan sha na wata guda ya bari. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Filato ta haɗa awon jini da sukari da kitse a wuri guda da karɓar magani, ta kuma wadata ƙananan asibitocin unguwanni da kayan awo domin kowa da kowa. Limamai da masu unguwa su taya da faɗakarwa. Ba a ceto mutum daga ƙanjamau shekara 20 ba don a bar hawan jini ya kwantar da shi a rana ɗaya. Allah ya kiyaye.