Jidda: Birnin da Alhazai Suka Raya, Yau Suke Wuce Shi a Gurguje

Manomin rake a Makarfi ko Kudan, ko mai tumatir da barkono a Malikanci ta ƙasar Ikara, idan ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin kujera, Makka da Madina ne kawai a bakinsa. Masu zuwa yi masa bankwana ma addu'ar gaban Ka'aba suke roƙo, ba mai ambaton Jidda. Amma da wuya ya dawo gida bai taka ta ba, ko da kuwa filin jirginta kaɗai ya gani.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 75 yamma da Makka. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka wajen shekara ta 26 bayan Hijira, a maimakon Shu'aiba. Wurin ba kogi, ruwan sama kuma sai jefi-jefi, don haka ba noma ya riƙe garin ba. Alhazai da fatake ne suka riƙe shi. Arzikin ya jawo masa ido: a 1517 jiragen yaƙin Fotugal suka taso masa, ganuwar da aka gina 'yan shekaru kafin nan ta taimaka wajen tare su. Sai a 1947 aka rushe ta don gari ya samu wurin faɗaɗa.

Tsohon garin, wanda ake kira Al-Balad, yana nan. Gidaje ne masu hawa uku zuwa biyar, an gina su da duwatsun murjani da aka ciro daga teku, tagoginsu na katako ne mai sassaƙa da ƙananan ɓuli, suna turowa waje ta saman lungu, iska ta shiga, na waje kuma bai ga matan gida ba. A ɗaya daga cikin gidajen, Baitu Nasif, Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a ƙarshen 1925. Hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Kakannin irin waɗannan manoma na ƙasar Zazzau sun san Jidda fiye da jikokinsu, domin su da ƙafa suke zuwa. Mutum ya bi ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare ya tsaya ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira ta Sudan, ya tara ya ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru. Daga Sawakin, daga baya kuma Port Sudan, ake shiga jirgin ruwa a tsallaka. Wasu ba su ƙarasa ba: ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan yaƙin Burmi na 1903 ya kai jama'arsa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Wasu sun ƙarasa amma ba su dawo ba, suka zauna a Jidda da Makka suna dako da aikatau da ƙananan sana'o'i. Zuriyarsu da waɗanda suka biyo baya su ne ake ce wa Takari.

Masu hali kuwa suna da tasu hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa na 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila.

Jirgin sama ya sauya komai. A 1981 aka buɗe filin jirgin Sarki Abdul'aziz, da sashen alhazai mai rufi kamar jerin tantuna 210 farare ƙal, gefensa a buɗe. A ƙarƙashinsu alhazan Najeriya suka sha shimfiɗa darduma suna jiran jirgi, wani lokaci har kwanaki. A 'yan shekarun nan hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ta fi sauke maniyyata kai tsaye a Madina. Wannan ya rage wa malamai tsohuwar muhawarar ko ya halatta a ɗaura harami a Jidda, tunda wanda ya fito daga Madina a Zul Hulaifa zai ɗaura. Maniyyacin da ya tashi daga sansanin Mando a Kaduna yakan ga Jidda ne a hanyar komowa: a auna masa jaka, a cire abin da ya haura kilo, a hana shi cusa Zamzam cikin kaya. Dabino da bagaruwa da carbi tuni ya saye su a Makka. Kasuwar Bab Sharif, da tsofaffin alhazai ke ba da labarinta, 'yan kasuwa da masu Umara suka fi saninta yanzu. Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018 ma ya ƙara gajarta zaman baƙo a garin.

Su kuwa Hausawan da suka mayar da Jidda gida, abin ya zo musu da nauyi. Daga ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya suka shiga rusa unguwanni fiye da 60 da suka ce an gina ba bisa tsari ba, ciki har da Karantina da Sabil, inda baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. Diyyar da aka yi alkawari ta 'yan ƙasa masu mallakar gida ce. Ɗan haya baƙo, ko da a lungun aka haife shi, sai ya kwashe kayansa ya nemi wani wuri, kuɗin haya kuma ya tashi a sauran unguwanni.