Jerin gwanon da ya daskare cikin dutse: Yadda tirilobayit suka rayu a ƙarƙashin teku

A kusa da garin Zagora da ke kudancin Maroko, inda a yau ido ba ya cin karo da komai sai duwatsu da ƙura, an haƙo wasu allunan dutse ɗauke da ƙananan halittu jere a layi, kan wannan a bayan wancan, akasarinsu sun fuskanci gefe guda. Sun shafe kimanin shekara miliyan 480 a haka. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin teku ne, kuma waɗannan halittu, da masana ke kira tirilobayit, suna kan tafiya ajali ya riske su.

Tirilobayit dangin ƙaguwa ne da kunama da gizo-gizo da fara, wato halittu masu ƙafafu gaɓa-gaɓa waɗanda taurin jikinsu yake a waje. Sunan ya samo asali daga yadda bayansu ya kasu kashi uku a tsaye: tudu a tsakiya da ɓangare ɗaya a kowane gefe. Sun bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, suka ƙare ƙaf kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, tun kafin zuwan dainoso. An tantance nau'insu fiye da 20,000. Wasu ba su kai ƙwayar gero ba, yayin da wani da aka samu a lardin Manitoba na Kanada ya haura santimita 70.

Mai karatu zai zaci halittar da ta bar burbushi mai yawa haka ba ta da sauran sirri. Abin ba haka yake ba. Ɓawon bayansu ne kaɗai yake da tauri, saboda yana ɗauke da kalsayit, sinadarin da ke cikin farar ƙasa. Ƙafafu da hanji da gaɓoɓin numfashi kan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, tirilobayit kan yi saɓa duk lokacin da ya ƙara girma, don haka dabba ɗaya tana iya barin ɓawo da dama a rayuwarta. Yawancin abin da ake tsinta ke nan riga ce da aka tuɓe, mai rigar ya daɗe da wucewa. Sai a 1893 aka bayyana cewa suna da dogayen zaruruwan laluben hanya a ka, irin na kyankyaso, bayan an same su a wani dutse na jihar New York ta Amurka.

Abin da ɓawon ya adana da kyau shi ne ido. Madubin idonsu na kalsayit ne, shi ya sa bai ruɓe ba, kuma ido kan tona asirin mazaunin mai shi. Masu manyan idanu da suka kusan zagaye kai, suna ganin sama da ƙasa, ana kyautata zaton iyo suke yi a tsakiyar ruwa. Waɗanda suka rasa ido gaba ɗaya sun fi dacewa da zurfin da haske ba ya kaiwa, ko rayuwa cikin laka. Akwai kuma Erbenochile na Maroko, mai idanu tsaye kamar hasumiya, da wata 'yar rumfa a saman kowanne. Wanda ke yawo da dare ba ya buƙatar rumfa, saboda haka masana suka ce da rana yake harkokinsa.

Masu jerin gwanon Zagora kuwa, nau'in da ake kira Ampyx priscus, makafi ne. Tsawon jikinsu bai wuce santimita biyu da ɗoriya ba, amma kowanne yana da doguwar ƙaya a goshi da wasu biyu da suka miƙe baya. A binciken da Jean Vannier na Jami'ar Lyon ta Faransa da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, an ga layin da ya kai guda 22. Tambayar farko ita ce ko igiyar ruwa ce ta jera gawarwaki. Masu binciken sun ce a'a, domin jikkunan cikakku ne, tazararsu ƙanƙanuwa, kuma sau da yawa ƙayar wannan tana taɓa na gabansa, kamar makafi riƙe da sandar ɗan jagora. Suka kawo misalin wani babban jatan lande mai ƙayoyi na tsibiran Bahamas, wanda har yau yakan yi ƙaura a layi ɗaya, kowanne yana taɓa na gaba, idan guguwa ta dagula ruwa. Watakila su ma guje wa guguwa suke yi, watakila kuma wurin haihuwa suka nufa. Cewa tare suke tafiya magana ce mai ƙarfi. Dalilin tafiyar kuwa hasashe ne, kuma kyautuwa ya yi a riƙe shi a matsayin hasashe.

Abin lura shi ne irin wannan shaida ba ta samuwa sai inda masifa ta auku farat ɗaya. Laka ce ta rufe masu jerin gwanon kafin su watse. A tsaunukan Atlas, nan ma a Maroko, tokar dutse mai aman wuta ta binne wasu tirilobayit kimanin shekara miliyan 515 da suka wuce, ta ɗauki siffarsu kamar yadda maƙerin farfaru ke zuba dalma a mazubi. Ayarin Abderrazak El Albani na Jami'ar Poitiers ya bayyana su a 2024, aka ga bakinsu, da gashin ƙafafunsu, da ƙafafu huɗu-huɗu a kowane gefen kai, maimakon uku da aka daɗe ana zato.

Wani lokaci kuma naƙasa ce ke ba da haske. Walliserops yana da wani abu a goshi mai kama da mashi mai baki uku, an kuma daɗe ana muhawara ko da shi yake neman abinci. Da aka samu wani mai baki huɗu a karkace wanda duk da haka ya girma ya ƙosa, Alan Gishlick da Richard Fortey suka kafa hujja a 2023 cewa ba kayan cin abinci ba ne, makamin karon maza ne a kan mata. Hujja ce mai jan hankali, sai dai a kan dabba ɗaya tak aka gina ta.

Shaidar da ta fi kowace gamsarwa ta daɗe a ajiye ba a san darajarta ba. A 1908 aka tsinci wani curin dutse kusa da garin Rokycany, a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek, da tirilobayit a ciki mai suna Bohemolichas incola, ɗan shekara miliyan 465. Ya zauna a gidan tarihi fiye da ƙarni guda, har sai da aka kai shi wata babbar cibiyar bincike a Grenoble ta Faransa, aka haska shi da hasken da ke ratsa dutse ba tare da an fasa shi ba. Sakamakon da Petr Kraft da Per Ahlberg da abokansu suka wallafa a 2023 ya nuna hanji cike maƙil da gutsattsarin ɓawon ƙananan halittun teku iri-iri. Dabbar ba ta da zaɓe, duk abin da ya shiga bakinta haɗiyewa take yi, da rai ko a mace. Tun da siraran ɓawon ba su narke ba, ruwan cikinta ba mai tsami ba ne irin na cikin ɗan Adam, ya fi kama da na ƙaguwar yau. Masu binciken sun kuma yi zaton cika cikin da ta yi shirin saɓa ne, domin ta kumbura tsohon ɓawo ya tsage.

Hoton ya nuna har abin da ya biyo bayan mutuwarta. Ta kwanta a rigingine, wasu ƙananan masu cin mushe suka haƙa ramuka suka shiga jikinta suna cin tsoka, amma duk suka kauce wa hanjin. Ga alama sinadaran narkar da abinci na ci gaba da aiki a cikinsa bayan mai su ya mutu.