Nannaɗewar Ganye a Lambun Gida

A gidaje da yawa na birnin Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami da Tudun Wada, akan sami ɗan fili a bayan ɗaki inda ake shuka kuɓewa da tumatir da barkono da rama domin miyar gida. Kukan da masu irin wannan lambu suka fi kawo wa malaman gona shi ne ganye ya nannaɗe. Abin da mafi yawansu kan yi kuwa shi ne su garzaya kasuwa su sayo maganin ƙwari su fesa. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai, har da zuba guba a kan abin da iyali za su ci. Nannaɗewar ganye alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake ga ɗan Adam, kuma abubuwan da ke haddasa ta sun bambanta ƙwarai.

Abu na farko da ya kamata mai lambu ya lura da shi shi ne lokaci. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya tsananta, da kuma lokacin da iskar hunturu ke busawa, tumatir yakan naɗe ganyensa sama don rage ruwan da ke fita daga jikinsa. Irin wannan yakan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, launinsu bai sāke ba, shukar kuma tana ci gaba da girma da yin fure. Wannan ba cuta ba ce. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, sun isa. Sai dai a kula, ruwan da ya kwanta a gindi yakan ruɓar da saiwa, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi. Saboda haka a tona ƙasa da yatsa a ji danshinta kafin a ƙara ruwa.

Idan kuwa sababbin ganyaye na sama ne suka lanƙwashe, to, sai a juya ganyen a duba bayansa, domin a nan ƙwari ke fakewa. Darɓa takan taru jingim, ganye ya lanƙwashe ƙasa, ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka, daga baya wani baƙi kamar kunkunniya ya rufe shi. Ana maganinta da 'ya'yan dogon yaro: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa a bayan ganye da yamma.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne farin ƙuda. Ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar gero ba, in an girgiza shuka sai ya tashi kamar an watsa gari. Tsotsar ruwan ganye da yake yi ƙaramin laifinsa ne. Babban laifinsa shi ne ɗauko ƙwayar cuta ta bairos daga shuka mai ciwo zuwa mai lafiya, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓin cizon sauro. Bayan mako biyu ko uku sai alamu su bayyana. A jikin tumatir sababbin ganyaye sukan ƙanƙance, su kife sama kamar cokali, gefensu ya yi rawaya, fure ya kakkaɓe, shuka ta tsumbure. A jikin kuɓewa da auduga kuwa jijiyoyin bayan ganye ne ke kumbura su yi kauri.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A Nijeriya aka fara ba da labarinta a jikin auduga a shekarar 1912, kuma wajen 1930 masu bincike a Nijeriya da Sudan suka tabbatar farin ƙuda ne ke yaɗa ta. A gonakin Jazira na Sudan ta yi wa auduga mummunar ɓarna, ba a shawo kanta ba sai da aka tilasta tumɓuke tsofaffin itatuwan auduga bayan girbi, aka kuma samo iri mai jure mata. Gombe ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, ga kuma noman rani na tumatir da ake yi a Dadin Kowa a bakin kogin Gongola, watau ƙudan ba ya rasa wurin zama rani da damina.

Gaskiyar da ke da wuyar karɓa ita ce, shukar da bairos ya kama ba ta warkewa. Babu wani magani a kasuwa da zai miƙar da ganyenta, kome abin da mai sayarwa ya faɗa. Barinta a tsaye don tausayi daidai yake da ajiye wa ƙudan rumbun cuta. A rufa mata buhu don kada ƙudan ya watse, a tumɓuke ta, a binne ko a ƙone. Da yake ƙananan shuka ne cutar ta fi illatawa, yana da kyau a rufe wurin rainon iri da tsohon gidan sauro har zuwa ranar dashe, a kuma share ciyayi da ragowar kuɓewar bara da ke kewaye.

Akwai wata nannaɗewar da mutum ne ke jawo ta da hannunsa. Maganin ciyawa mai suna 2,4-D, ko ɗan kaɗan iska ta kwaso daga gonar maƙwabci, yana murɗe kan tumatir da auduga, sababbin ganyaye su fito sirara kamar igiya. Mafi yawa dai daga famfon feshi na aro yake zuwa, wanda aka yi aikin ciyawa da shi ba a wanke sosai ba. Shaidarsa ita ce shuka da yawa su kamu gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, alhali bairos ɗai-ɗai yake kamawa. Yawan takin yuriya ma yakan sa ganye ya yi kore shar har ya yi duhu, ya lanƙwashe ƙasa.

Har wa yau akwai abin lura game da rama. Wani irinta ganyensa a rarrabe yake kamar yatsu, har akan ɗauka tabar wiwi ce. Rama abinci ce, shukarta halal ne. Wiwi kuwa shuka ta laifi ne babba tun dokar 1966, ko da guda ɗaya ce a tukunya, kuma tun 1989 hukumar NDLEA ke kula da wannan. Wanda ya ga ta tsiro a gidansa, tumɓukewa ne nasa, ba jinya ba.

In an duba duk waɗannan ba a gane ba, sai a ciro shuka guda da saiwarta, a sa a leda a ɗaure baki, a kai wa malamin gona na unguwa, ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiha, ko Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu da ke Dadin Kowa. A gaya masa ranar dashe, da irin takin da aka sa, da sunan abin da aka fesa na ƙarshe, in da hali a tafi da kwalbar.