Dallol Boso da Al'adun Kurfayawa

Dallol Boso tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun shekaru dubbai. Kwarinsa ya gangaro daga Azawak a arewa, ya ratsa ƙasar Kurfai ta Filinge, ya bi ta Imanan da Balleyara da Birnin Gaure, sannan ya sadu da kogin Kwara kusa da Bumba. Baƙo ba zai ga ruwa yana tafiya ba, sai faffaɗar fadama mai rairayi, wadda duwatsu suka yi wa katanga. Ruwan yana ƙarƙashi, kuma a wurare da dama ba a yin nisa da haƙa rijiya ake cim masa. Wannan ne ya zaunar da Kurfayawa, waɗanda Hausa ce harshensu, suna maƙwabtaka da Zabarmawa da Buzaye da Fulani.

Shekarar manomi a nan tana bin hawa da saukar ruwa. Da damina ƙoramu kan kwararo daga tudu su cika tabkuna, mutane kuma suna gonakin hatsi da wake, sau da yawa a gayya. Bayan girbi ruwa ya soma ja da baya, sai masu lambu su bi shi, suna dasa rogo da dankali da kabewa a damshin da ya bari. In tabki ya ƙafe a koma rijiya, da guga da igiya.

A lokacin ne garake ke saukowa daga arewa. Bisa tsohuwar al'ada, makiyayi kan sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona kuma ya ba da damin hatsi da izinin shayarwa. Matan Fulani su kawo nono su karɓi hatsi. Wannan ma'amala ta yi rauni yanzu, don gonaki sun ci burtali, kara ma ya zama abin sayarwa. Gawo kuwa ba a cika sare shi ba, domin da rani yake yin ganye, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Daga goruba ake samun kabar da ake saƙa tabarma da tufka igiya, a kai su kasuwar Filinge ta ranar Lahadi, wadda ta yi suna wajen cinikin dabbobi.

Kwari mai ruwa a bakin hamada ba ya rasa masu kwaɗayinsa. Kafin zuwan Turawa Kurfayawa sun sha fama da harin Buzaye, kuma a 1916 mayaƙan Firhun, wani sarkin Buzaye, suka kai wa Filinge hari a tawayensu ga Faransa. A yau kuwa, tashar kiwo ta Tukunus da ke arewa da garin tana kula da irin shanun Azawak, a 2004 kuma aka sanya wani sashe na kwarin cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar.