Lwi ko Nyos: Nazarin Sunan Wani Tafki a Kan Duwatsun Kamaru

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan raɗa wa ruwa suna ta hanya biyu. Ko dai ya jingina shi ga garin da ke kusa, kamar Tafkin Madarumfa a ƙasar Maraɗi, ko kuwa ruwan ya ba gari suna, kamar Mairuwa kusa da Funtuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda hanyar farko takan binne tsohon suna, ta yin misali da wani tafki na Kamaru wanda ruwansa ke gangarowa Nijeriya.

2.0 Muhallin Tafkin

Tafkin Nyos yana cikin duwatsun Arewa maso Yammacin Kamaru, a gundumar Menchum, ba nisa da iyakar Nijeriya. Ruwa ne da ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, kimanin mita 1,100 bisa teku, zurfinsa kuwa ya haura mita 200. Manoma ke zaune a kwarurrukan da ke ƙarƙashinsa, Fulani makiyaya kuma a kan tuddai. Ruwan da ke malalowa daga cikinsa yana bin rafuka har ya faɗa kogin Katsina-Ala, wanda ke shiga Binuwai.

3.0 Sunaye Uku

Suna na farko shi ne Lwi, watau wanda mazauna wurin suka san tafkin da shi. Na biyu, Nyos, asalinsa sunan ƙauyen da ke gindin dutsen ne, sai baƙi da masu rubutu suka jingina tafkin gare shi.

Abin da ya tabbatar da wannan suna na biyu shi ne masifar daren 21 ga Agusta, 1986. Wata iska mai nauyi mai shaƙe numfashi, wadda ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwan, ta ɓalle gaba ɗaya ta bi kwari. Ta hallaka mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500 a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Da yake Nyos ne ya fi shan wuya, sunansa ne ya shiga rediyo da jaridun duniya, Lwi kuwa ya koma gefe. Daga nan kuma laƙabi na uku ya fito daga bakin 'yan jarida, watau tafki mai kisa. Wannan laƙabi ya bi shi har bayan da aka kafa bututun zuƙe iskar a 1 ga jerin ayyukan kariya cikin 2001, aka ƙara biyu a 2011, Nijeriya kuma ta gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba domin tare ambaliya idan bangon tafkin ya fashe.

4.0 Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, sunan da ya shiga takarda shi ke wanzuwa, ko da ba shi ne na asali ba. Haka lamarin yake a fadamun Danja da Bakori da Malumfashi, inda tafkuna da ƙoramu ke da sunayen da manoman rake da tumatir kaɗai suka riƙe. Ya kamata malamai da ɗalibai su tattara su daga bakin dattawa, tare da ma'anarsu da dalilin raɗa su, tun kafin sunan madatsa ko na gunduma ya maye gurbinsu.