Aji Gida Ne: Yadda Malamin Firamare Zai Haɗa Kan Yara, Ya Gyara Halinsu

A watan Satumba na shekarar 1976 ne Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda jama'a suka fi sani da UPE. Yaran da suka zo neman shiga aji ɗaya a wannan shekara sun zarce abin da aka yi tsammani nesa ba kusa ba. Azuzuwa suka cika maƙil, waɗansu suka yi karatu a gindin itace, aka shiga neman malamai ido rufe. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga nan har zuwa shirin UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, cunkoson aji bai rabu da makarantun gwamnati ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ya kula da yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun manyan garuruwa ya san akwai malaman da ke tsayawa gaban ninkin wannan adadi kowace safiya.

To, yaya mutum ɗaya zai riƙe wannan taro? Amsar da aka saba bayarwa ita ce bulala. Wannan ƙasida kuwa tana kira ga malamai da hedimastoci da iyaye su duba wata hanya, watau a mai da aji kamar gida, inda kowane yaro ke da suna, da wurin zama, da aikin da aka san shi da shi.

Abin da bulala ba ta iyawa

Ba a musun cewa bulala tana kawo shiru. Amma shirun nan na minti nawa ne? Malami ya juya baya yana rubutu a allo, aji ya koma kasuwa. Waɗanda suka ga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 sun tuna yadda layi ya miƙe a tasha da asibiti, sun kuma tuna yadda ya karkace bayan da mai dorina ya tafi. Haka yaro yake. In tsoro ne kaɗai ya zaunar da shi, abin da zai koya shi ne gadin idon malami, ba ladabi ba. Wani kuma fatarsa takan saba, har dukan ya zama abin alfahari a gaban 'yan uwansa. Wani shi ne zai daina zuwa sam, uwa ta ɗora masa talla, a ce ba shi da kan boko.

Daɗin daɗawa, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ji wa yaro ciwo a jiki ko a zuciya, ko a ci masa mutunci. Malamin da hannunsa ya zarce, ya fasa wa yaro ido ko kunne, ba hedimasta kaɗai zai amsa wa tambaya ba.

Makon farko

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, aji kuma tun a makon farko. Abu na fari shi ne suna. Lalle ne malami ya yi ƙoƙari ya haddace sunayen yaransa cikin mako biyu ko uku, ya kuma faɗe su daidai. Wannan ya fi muhimmanci a makarantun da aka gauraya, irin na Sabo a Ibadan, ko Agege a Ikko, ko Jos, ko unguwannin Abuja, inda za a tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe a benci guda. Yaron da ake kira "kai, mai jar hula" ko "ke, ta baya" ya san ba a san shi ba, wanda ba a sani ba kuwa ba ya jin kunyar ɓarna. Kiran rajista da safe ba don cika littafi kaɗai ake yi ba. In wane bai zo ba, malami ya tambaya, "Wa ke kusa da gidansu? Lafiya?" Da haka yara za su gane cewa rashin mutum ɗaya abin damuwa ne ga kowa.

Sai wurin zama. In aka bar yara, kowa zai nemi ɗan unguwarsu ko mai jin harshensu, manya su kame bencin baya, sa'an nan aji ya rabu gida-gida. Malami ne ya kamata ya raba wuri da kansa, ya haɗa mai ƙoƙari da mai rauni, ya kawo gajeru gaba, ya riƙa sauyawa kowane wata. Kada kuma ya yarda ko da sau ɗaya a yi wa yaro dariya saboda harshensa, ko addininsa, ko yagaggiyar rigarsa. Abin da malami ya yi wa murmushi yau, gobe ya zama halal a filin wasa.

Dokokin aji kada su wuce huɗu ko biyar. A zauna da yaran a fitar da su tare, a rubuta a manna a bango, a faɗi abin da ake so a yi maimakon abin da aka hana: a ɗaga hannu kafin a yi magana, a nemi izini kafin a taɓa kayan wani. Sa'an nan a gwada. Yaro ɗan shekara shida bai san yadda ake shiga layi ko miƙa littafi daga benci zuwa benci ba sai an nuna masa, an maimaita, kamar yadda ake maimaita baƙi da wasali.

Kowa da aikinsa

A nan ne makarantunmu da yawa suke kuskure. Akan zaɓi yaro ɗaya, galibi wanda ya fi girma, a naɗa shi monita, a ba shi takarda ya rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har a ba shi tsumagiya. Kafin zangon karatu ya ƙare ya zama ɗan ƙaramin dogari. Yana karɓar gyaɗa da alewa don ya goge suna, yana rubuta wanda suka yi faɗa da shi jiya. Sauran yara kuwa sun koyi darasi tun suna ƙanana, cewa mai muƙami abin tsoro ne kuma ana sayensa. Ƙasa ba ta bukatar a koya wa 'ya'yanta wannan.

Maimakon haka a rarraba aikin. Akwai mai goge allo, mai ajiye alli, masu raba littattafai, masu shara, mai buɗe taga, mai kula da randa da moɗa, mai raka wanda ba shi da lafiya ofishin hedimasta. Aji mai yara sittin zai iya samar wa goma sha biyar aiki a mako, mako mai zuwa a juya. Kada shara ta zama ta 'yan mata kaɗai, kada kuma ta zama horo, domin in aka mai da tsintsiya hukunci yaro zai tashi yana ƙyamar tsabta. Malamai da suka daɗe a bakin aiki sun san wani sirri: yaron nan da ya fi kowa fitina, in aka damƙa masa makullin kabad, sau da yawa shi ne zai riga kowa zuwa makaranta.

Akwai kuma wata dabara da aka fara bayyanawa a 1969, bayan an gwada ta a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka. Ana raba aji ƙungiya biyu ko uku. A lokacin darasi, in ɗan wata ƙungiya ya karya doka, sai malami ya ja ɗan layi a gefen allo gaban sunan ƙungiyar, ba tare da faɗa ko tsawa ba, ya ci gaba da karatunsa. Duk ƙungiyar da layukanta ba su wuce adadin da aka yanka ba ta ci, ko da dukkansu ne. Ladan kuwa ba kuɗi ba ne, sai dai a riga fita tara, ko a zaɓi wasan da za a yi. Daga 1985 an gwada wannan a azuzuwa ɗaya da biyu na birnin Baltimore, aka fara da minti goma sau uku a mako, aka kuma bi sawun yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. An tarar cewa yara maza da suka fi rigima tun farko, in sun yi wannan wasa, ba su faɗa shaye-shaye da aikata laifi kamar takwarorinsu da ba su yi ba. Dabarar ba ta cin komai sai alli.

In yaro ya yi laifi

Zai yi, domin yaro ne. Malami ya matsa kusa da shi, ya yi magana a hankali, kada ya kunyata shi a gaban aji. Horon ya dace da laifin: wanda ya zubar ya kwashe, wanda ya yaga ya liƙe, wanda ya zagi ɗan uwansa ya ba shi haƙuri. Kada a hukunta aji duka saboda mutum ɗaya. In an gama kuma an gama, gobe a gaishe shi kamar kowa. Haka nan yabo ya zama mai suna, "Wance, na ga yadda kika taimaki ƙawarki da fensir," domin sauran su ji abin da ake so.

Kafin a yanke wa yaro hukuncin taurin kai, a bincika. Mai barci a aji wataƙila ya kai dare yana talla, ko bai karya kumallo ba. Wanda ba ya kwafar aiki wataƙila ba ya ganin allo, wanda ba ya amsa kira wataƙila kunne ne ke ciwo. Irin wannan sai a dawo da shi bencin gaba, a shaida wa iyayensa su kai shi asibiti.

Ga iyaye

Ɗa na kowa ne, amma na iyayensa ne tukuna. Uban da ya kawo yaro ya ce, "Malam, ga shi nan, ka bar mini ƙashi kawai," bai taimaki malami ba. Haka wanda ke zuwa da faɗa duk ran da aka tsawata wa ɗansa. Ana roƙon iyaye su halarci taron ƙungiyar iyaye da malamai, su kuma san wakilansu a kwamitin kula da makaranta na unguwa. Malami shi ma kada ya bari sai ran laifi kaɗai zai aika a kira uba. Ya riƙa aika 'yar takarda ko saƙon waya ran da yaro ya yi abin kirki, ko da sau ɗaya ne a zango. Hedimasta kuma ya ware ranar da iyaye za su shigo aji, su zauna a bencin 'ya'yansu, su duba littattafansu.