Tsintaccen Karen Ruga da Bukatunsa a Gidan Bahaushe: Misali Daga Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Hausawa kan ce tsintacciyar mage ba ta mage. Wannan maƙala za ta duba ko haka abin yake game da tsintaccen karen makiyaya, musamman a ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka koma cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Wannan ƙasa tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kowace Alhamis makiyaya na kwararowa babbar kasuwar dabbobi ta Maigatari. A irin wannan zirga-zirga, ko lokacin tashin ruga, akan sami kwikwiyo ko gurgun kare da aka bari a baya, wani manomi ya tausaya ya ɗauke shi.

Halin Karen Ruga

A Ingila akwai karnukan da aikinsu tattara tumaki bisa umurnin makiyayi. Karen ruga kuwa aikinsa gadi ne: yana bin garke da rana, da dare ya yi haushi idan ya ji motsin dila ko ɓarawo. Saboda ya saba da doguwar tafiya da sararin daji, idan aka ɗaure shi a lungu sai ya shiga haƙa rami da kukan dare, ko ya far wa kaji da awakin maƙwabta. Wannan ba mugunta ba ce, rashin aikin da ya saba ne.

Matsayin Addini

A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen wannan ƙasa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma akan wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a cikinta sau bakwai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya nuna ba a ajiye kare a gida sai don gadin gona, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci. Ashe ke nan addini da halin dabbar sun haɗu a wuri guda: wanda ba shi da aikin da zai ba kare, gara ya miƙa shi ga mai gona ko mai garke.

Bukatunsa

Bukata ta farko ita ce rigakafin ciwon haukan kare, domin ba a san tarihin tsintacce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ya fi shafa. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Akan yi wa kwikwiyo allura daga wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi.

Ta biyu, a raba shi da kaska da ƙuma da tsutsar ciki. Ta uku, abinci da ruwa: tuwon gero da ƙanzo kaɗai ba su wadatar da shi sai an haɗa da ɗan nama ko kifi, kuma a zafin bazara kada kaskon ruwansa ya bushe. Ta huɗu, a yi masa rumfa kusa da turken dabbobi, nesa da madafa da wurin salla, a riƙa fita da shi gona safe da yamma. Daɗin daɗawa, a hana yara jifarsa, domin karen da ya sha wuya yakan yi cizo don tsoro.

Kammalawa

Tsintaccen karen ruga yakan yi aikin kare sarai, muddin ya sami aiki da allura da abinci. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauki amana biyu, ta dabbar da kuma ta yaran unguwa, don haka ya kamata ya auna ƙarfinsa tun kafin ya kai shi gida.